Ƙugiya Biyu a Rubutun Maigida

Talata, saura kwana goma sha ɗaya a yi zaɓe

Jirgi,

Ni za ka toshe? Ni, da muka yi shekara biyu muna raba waya ɗaya mai fasasshen gilashi, kai ka riƙe ta da safe ni in riƙe da yamma? Ka toshe lambata, ka toshe ni a shafinka, ka cire ni daga guruf ɗin 'yan yaɗa labaran Injiniya kamar wanda ya shigo sata. To ga takarda, ga biro. In ka isa, toshe wannan.

Ka ga har ka sa na manta da ladabi. Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da duk waɗanda kuke zaune a ofishin kamfen ɗin nan mai sanyi kamar firji. Yaya ƙafar Umma? A hannunta zan bar maka wasiƙar nan, don ita kam na san ba ka da maɓallin toshe ta. Ban gaya mata komai ba. Na ce mata wayata ce ta lalace.

Ni lafiyar jikina ƙalau, shagon ne ba lafiya. Yau kwana huɗu ke nan, kai uku muka aske, ɗaya ma matafiyi ne da ya sauka a tasha bai san abin da ake ciki ba. Maigida yana zuwa ƙarfe bakwai kamar kullum. Ya share ƙasa, ko da yake babu gashin da za a share. Ya goge madubi, ya ɗiga wa injin aski mai, ya ninke tawul, sannan ya zauna a ƙarshen benci yana kallon titi. In wani ya doso sai ya gyara zama. In ya wuce sai ya ce wataƙila sauri yake. Mutumin da ya shekara talatin da shida yana aske unguwar nan, Jirgi. Kai kanka shi ya yi maka askin shiga makaranta, kana ihu kamar ana yanka ka.

Bari in tuna maka yadda aka yi, tunda na ga mantuwa ta zama sana'arka. Ranar Laraba samari suka kaure da faɗa a cikin shago a kan kujerar kansila, waɗannan na Injiniya waɗancan na Likita, kowa yana tura wa ɗan'uwansa waya a hanci yana cewa karanta ka gani. Har aka fasa kwalbar sifirit. Da aka watse, Maigida ya ciro tsohuwar wayarsa, ya buɗe shafin nan da na buɗe masa bara don ya riƙa ganin hotunan jikokinsa, ya rubuta da yatsa ɗaya, yana huci:

"Yara, matsalar unguwar nan baki ne. In babu baki sai mu zauna lafiya. Kowa ya kama nasa."

Baki. Wanda ake cin abinci da shi, ake zagin uwar mutum da shi. Duk wanda ya taɓa zama a kujerarsa ya san wannan ce maganarsa ta kullum.

Washegari sai ga hoton rubutun a shafinka, mai mabiya dubu arba'in. Kalmomin nan ne, ba a ƙara ba a rage ba, sai dai an lanƙwasa kan harafi a wuri biyu. Baki ya koma baƙi. Matsalar unguwar nan baƙi ne. In babu baƙi sai mu zauna lafiya. Kowa ya kama nasa. A gefe ka manna hoton Maigida yana yi wa Likita gyaran fuska, ka rubuta a sama: ga abin da mai askin Likita yake faɗa a kan 'yan Sabon Layi. Mutanen da ambaliya ta koro shekara uku da suka wuce, waɗanda har yanzu in an ce baƙi sai sun waiga. Samarinsu sun fi ɗari shida da suka yanki katin zaɓe bana. Ka san lissafinka, ban raina maka ba.

Wanda ya sa ƙugiyoyin nan, ka san shi, na san shi. Ba wannan ya kawo ni yau ba.

Abu ɗaya nake roƙo. Rubutun asali babu shi yanzu. Ni na goge masa da hannuna ranar da wutar ta kama, ina ganin taimako nake yi, ashe shaidarsa kaɗai na binne. Saƙonnin guruf kuwa ka saita su suna gogewa da kansu bayan kwana ɗaya, dabarar da a lokacin har tafa maka na yi. Saura wuri ɗaya a duniya da hoton farko yake, mai kwanan wata da lokaci: cikin wayarka, domin kai ka ɗauka. Ka sa shi a shafinka. Ka ce an yi kuskure. Ba sai ka ambaci sunan kowa ba, ba sai ka ba da haƙuri ba. Minti ɗaya ne aikin.

Ka gaida Umma, ka ce ta rage hawa benen nan. Ka gaida ƙannenka. Kai ma, duk da haka, ina gaishe ka.

Naka tun ana yara,
Ƙugiya


Asabar, saura mako guda

Jirgi, mutumina,

Sallama da fatan alheri. Ina fatan ka tashi lafiya, kuma gajiyar yawon kamfen ba ta karya ka ba. Na gan ka a bidiyo a bayan Injiniya, ka rame, idonka ya faɗa. Ka riƙa cin abinci. Umma ta ce ta ba ka takardata, ka karanta a tsaye, ka ninke ta huɗu ka sa a aljihu, ka ce mata gaisuwa ce kawai. To ga wata gaisuwar.

A waccan na ce wanda ya sa ƙugiya mun san shi. Tun da na rubuta haka jimlar take ta cizona. Dubi yadda na kewaye, ni da nake zagin 'yan siyasa a kan kewaye-kewaye. Ni ne. Ni na sa. Ga shi na rubuta, hannuna bai karye ba.

Kai ka yi makaranta har ka fita da takarda. Ni aji uku na yi Baba ya rasu, aka kawo ni shagon nan. Karatuna a tsofaffin jaridun da ake bari a kan benci na tsince shi, ina haɗa baƙi da baƙi ina motsa leɓe, kwastomomi suna dariya. Maigida, wanda shi kansa da ƙyar yake haɗa layi biyu, shi ya je kasuwa ya sayo mini ƙamus marar bango da ya fara daga shafi na goma sha tara. Ya ajiye mini a kan durowa ya ce in an gama shara in ga ko akwai abin kirki a ciki. A nan na gano cewa kasa daban ƙasa daban, bata daban ɓata daban. Wallahi ji na yi kamar an ba ni makullin gari. Da na sami waya sai na zama annoba. Mai digiri ya zuba dogon rubutu a kan makomar matasa, ni kuma in shiga ƙasa in ce, ranka ya daɗe, ƙ ce ba k ba. Kai ka fara kirana Ƙugiya, sunan ya bi ni har na daina jin na yanka.

Da ka zo ka ce Injiniya yana neman wanda ya iya rubutu, ka tuna abin da ka kira ni? Marubuci. Ba wanda ya taɓa kirana haka. Kuma ban shiga don a saya mini data ba, kai shaida ne. Na yarda da mutumin. Na yarda zai haƙa magudanar da za ta hana ruwa shiga ɗakin tsohuwata. Ni na rubuta kiran nan da ya sa samari suka yi layi a rana suna yankar kati, har aka riƙa tura shi unguwanni. Ni ma katin farko ke nan a rayuwata. Na sa shi a leda, na sa ledar cikin ƙamus.

Ranar Alhamis ɗin da abin ya faru, da safe ina yi wa wani dattijo aski, ido ɗaya a ƙeyarsa ɗaya a waya, ina jiran in ga amsar da wani ɗan Likita zai ba ni. Na yanke shi a kunne. Ba wani yanka ba ne, amma kunne akwai jini. Maigida ya zo ya zare wayar daga hannuna, ya jefa a durowa ya murɗa makulli, ya ce a gaban mutum shida: tunda kai ne za ka gyara ƙasa, fara da kunnen bawan Allahn nan. Aka kwashe da dariya. Ina da shekara ashirin da uku, Jirgi. Da azahar ya miƙo mini wayar, ina cike da haushi, sai ga saƙonka da hoton rubutunsa: Ƙugiya, gyara wa maigidanka rubutu mana, da fuskar dariya uku.

Ko minti biyu ban yi ba. Na goge k, na sa ƙ, sau biyu, har na daidaita girman harafin don kada a gane, saboda ni ba na aikin banza. Na tura guruf, ku yi dariya, a wuce wurin. Abin da na gaya wa kaina ke nan. Amma ka san me? Lokacin da na karanta layin ƙarshe, kowa ya kama nasa, sai da na sake karantawa. Na ga abin da ya zama. Na gani sarai, na danna. Da na ga ya fito a shafinka kuma, abu na farko da na yi shi ne goge duka hotunan daga wayata, don tsoro.

Shekaranjiya 'yan Sabon Layi suka zo, sun kai talatin. Na ɗauka fasa shago za su yi, da ma sun fasa. Mai Walda ne a gaba, wannan dogon da Maigida ya yi wa askin angonci kyauta, ya kuma aske 'ya'yan layinsu wata shida bai karɓi ko sisi ba lokacin da ambaliya ta sa suke kwana a ajin makaranta. Bai ɗaga murya ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, Baba, ashe mu ne baƙin? Maigida ya miƙe yana nuna leɓensa yana cewa baki, baki, wannan, wannan da nake magana da shi! Ni ma baƙo ne, da jakar leda na sauka a tashar can! Mai Walda ya ce to ina rubutun? Maigida ya juyo ya dube ni. Ina tsaye da inji a hannu yana ta ƙara a iska. Na ce an goge. Iyakar abin da ya fito daga bakina ke nan, ni mai baki.

Bidiyon ka riga ka gani, tunda a shafinka ya fito. An cire sautin, an sa kiɗa, an rubuta cewa tsohon yana yi musu alamar su rufe baki. Wanda ya yi aikin ya iya, ka yaba masa.

Likita kuwa ya fitar da sanarwa cewa bai san mutumin ba, sau ɗaya ya taɓa tsayawa aski a kan hanya. Shekara ashirin yana zuwa duk Juma'a, har kofin shayinsa daban a shagon. Amma ba wannan ya fi yi wa Maigida ciwo ba. Jiya wasu mutum uku suka shigo suna washe haƙora, suka ce sun zo jinjina masa, shi kaɗai ne namijin da ya faɗi gaskiya a kan baƙin nan. Da tawul ya kore su. Bayan sun tafi ya zauna. Ya ce da ni, yaro, kai da ka iya karatu, wane ne ya tsane ni haka? Na ce ban sani ba.

Ka sa hoton, Jirgi. Don girman Allah. In kana tsoron asarar ƙuri'a, ka ɗora mini duka, ka ce yaron shagon ne ya yaudare ku. Zan amsa.

Ka huta lafiya. Ina gaida Umma.

Abokinka,
Ƙugiya


Litinin, kwana biyu bayan zaɓe

Jirgi,

Assalamu alaikum. Ina yi maka barka. Na ga hotonka a kafaɗar mutane, hularka ta karkace, kana ɗaga yatsa biyu. Ina fatan muryarka ta dawo, an ce ta dishe. Yaya Umma? Na ga maƙwabta suna ta shiga yi mata murna, sai na ba ƙanwarka takardar nan a waje, ban iya shiga ba.

Ban sani ba ko labari ya iso ofishinku. Ranar Laraba Maigida ya faɗi. Yana goge madubi ne, na ga tsumman ya zame daga hannunsa, ya bi shi da kallo kamar ba nasa ba. Ya juyo zai yi mini magana, sai na ga gefen bakinsa ya zazzago. Na tare shi kafin kansa ya bugi kujera. Babu nauyi, Jirgi, kamar ka ɗauki buhun auduga. Na fita titi ina kiran a taimaka. Mutane suna tsaye a ƙofar shagunansu, wasu sun ɗaga waya. Mai kayan gwari ce ta tsayar mana da mota.

Shanyewar ɓarin jiki, in ji asibiti. Hannun dama ya tafi, ƙafar dama ta tafi, magana ta tafi. Yana ji, yana ganewa, idonsa yana bin kowa. In ya yunƙura zai yi magana sai wani sauti ya fito kamar ana jan benci a siminti, sai ya runtse ido ya bari. Inna, matarsa, tana zaune a gefensa tana goge masa yawu da bakin mayafinta. Ta ce hawan jini ne, dama yana da shi, kada in sa wa kaina damuwa. Har ta tura ni in je in ci abinci. Ka taɓa jin mutum yana yi maka alheri kana jin kamar ana zare maka farce?

Ka lura da abin da ya faru? Mutum ɗaya ne a garin nan zai iya buɗe baki ya faɗi kalmar nan a ji bambancinta da kunne, ba sai an duba harafi ba. Yanzu shi ma an kama masa nasa.

Ranar Asabar na je rumfar zaɓe. Ban yi niyya ba, ƙafa ce ta kai ni. Ban taɓa ganin samari da 'yan mata sun fito haka ba, layi har bayan makaranta, kowa da katinsa sabo fil, ana ɗaukar hoto ana turawa. Watanni na yi ina mafarkin ganin wannan layin. Wata yarinya a gabana tana karanta wa ƙawarta kiran nan da na rubuta, daga wayarta, ba ta san mai rubutun yana bayanta yana wari kamar asibiti ba. 'Yan Sabon Layi suka zo a ayari. Na ji wani yana cewa yau za mu yi wa mai aski aski.

Da na shiga bayan labule na dangwala yatsa a tawada, na tsaya. Ga hoton Injiniya, ga na Likita. Ɗaya ya hau kan tsohon ya wuce, ɗaya ya ce bai san shi ba. Kuma har a lokacin ina tuna magudanar nan da ɗakin tsohuwata. Na tsaya har tawadar ta bushe a yatsana, malamin zaɓe ya ɗaga murya ya ce malam, ba ɗakin kwana ba ne. Na ninke takardar fara tas na jefa. Ƙuri'ata ta farko ke nan. Tabon yana nan a yatsan, na wanke da sifirit ya ƙi fita.

Da ƙuri'a ɗari biyu da 'yan kai kuka ci, kuma akwatin Sabon Layi ne ya ɗaga ku. Na iya lissafi ni ma.

To an gama. Kun ci. Babu ƙuri'ar da za ta zube yanzu in ka sa hoton. Da ina ce wa kaina Jirgi ba mugu ba ne, aiki ne ya ɗaure shi, bari a wuce Asabar. An wuce. Ina jira.

Allah ya sa ku yi wa mutane abin da kuka ce. Da gaske nake.

Ƙugiya


Alhamis, saura kwana uku a rantsar da su

Jirgi,

Sallama. Ina fatan kana lafiya. An ce an ba ka muƙamin mai taimaka wa kansila kan yaɗa labarai, har da tebur naka na kanka. Allah ya sanya alheri. Umma ta tare ni a hanya ta riƙe hannuna ta ce me ya shiga tsakaninmu, wasiƙu sai ka ce masu neman aure. Na ce ta tambaye ka. Ka yafe mini wannan, ban iya yi mata ƙarya karo na biyu ba.

An sallami Maigida, ba don ya warke ba. Likitar asibitin ta ja Inna gefe ta ce a kai shi gida ya huta cikin iyalinsa, zuciyar ma ta gaji. Ka san abin da wannan yake nufi. Yana kwance a ɗakin nan na gaba mai taga ɗaya, an juya masa gadon yana fuskantar ƙofa, don in an juya shi bango sai ya yi ta gurnani. Duk wanda ya yi sallama sai idonsa ya tashi. Masu zuwan ba su da yawa.

Ranar Lahadi na same shi gemu ya cika masa fuska, fari fat, mutumin da bai taɓa kwana biyu bai gyara fuska ba. Ya kama hannuna da na hagunsa ya kai haɓarsa. Na koma shago na ɗauko askarsa, wannan mai ƙotar ƙashi da ba ya bari kowa ya taɓa. Na jiƙa tawul da ruwan ɗumi, na sa masa kumfa. Ina cikin yi, na zo daidai gefen bakin da ya karkace, inda sai ka ja fatar da yatsa kafin aska ta zauna, sai kawai na ji ina magana. Na gaya masa duka. Kunnen dattijo, durowa, saƙonka, minti biyun nan, har daidaita girman harafin. Aska tana wuyansa ina faɗa, don na san in na ajiye ta ba zan ƙarasa ba.

Bai motsa ba har na gama. Hawaye ya gangaro ta ido ɗaya ya yi hanya a cikin kumfar. Sannan ya ɗaga yatsa ya taɓa leɓensa, ya miƙo ya taɓa nawa. Kwana huɗu ina juya abin nan. Cewa yake in yi shiru, ya isa? Cewa yake ka ga abin da na faɗa tun farko? Ko cewa yake nawa ya mutu, saura naka? Na iya karanta ƙamus daga shafi na goma sha tara har ƙarshe, na kasa karanta yatsa ɗaya. Da na tsaya, sai ya juyo mini ɗaya kumatun, wai in ƙarasa aikina. Na ƙarasa. Ban yanke shi ba.

Inna tana bakin ƙofa, ta ji komai. Ba ta zage ni ba. Ta daina tura ni cin abinci dai.

Na zaɓi fassara ta uku. A ranar na rubuta komai a shafina, da sunana na yanka da hotona, na ce ni na sa ƙugiyoyin. Rubutun da ka yaɗa mutum dubu goma sha ɗaya suka tura. Nawa, mutum tara. Wani ya ce nawa Likita ya biya ka. Wani ya ce yaron shago ne, dole ya kare ubangidansa. Wata ta ce zaɓe ya wuce malam, a ci gaba. Wani ɗan iska kuma ya shigo ya gyara mini rubutu, wai na manta ƙugiya a kalma ɗaya. Na duba, gaskiyarsa ne.

Na taka har Sabon Layi na sami Mai Walda a bakin aikinsa. Ya kashe injin, ya ɗaga gilashin fuskarsa ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce yana so ya yarda, wallahi yana so, tun ranar nan ba ya jin daɗin barci. Amma an riga an yi wasa da hankalinsu sau ɗaya, ba zai tara mutanensa a kan maganar baki ba. Ya ce a kawo hoton farko, daga shafin da na biyun ya fito. In ya gani, shi da kansa zai jawo layin nan gaba ɗaya, maza da mata, su zo ƙofar Baba su durƙusa.

Ka ji inda maganar ta tsaya. Tsoho yana kallon ƙofa. Mutanen da yake jira suna nan a shirye, tafiyar minti goma. Abin da ya raba su yana cikin aljihun wandonka na dama, inda kake sa waya. Kullum da safe in na shiga, Inna ba ta amsa gaisuwata sai ta fara cewa, abokin naka ya yi magana?

Na daina roƙonka a takarda, wannan ce ta ƙarshe. Ranar Lahadi za ka haska bikin rantsuwa kai tsaye a shafinka, na ga tallan. Ni ka toshe ni, amma ba ka toshe Mai Walda ba, ya kuma ce zai ara mini wayarsa. Zan rubuta tambaya ɗaya a ƙarƙashi, in ka goge in sake, in ka toshe shi akwai waya ɗari shida a layinsu. Zan fara da nawa laifin kowane karo, don kada ka ce na ɓoye a bayanka. Ni na ƙera ƙugiyar. Kai ka rataye mutum a kanta, a gaban mutum dubu arba'in, kuma a gabansu za ka sauke shi. Kada ka kira ni a waya, kada ka aiko Umma, kada ka ce mu haɗu mu yi magana ta fahimta. Ka fito inda ka tara mutane, da hoton a hannunka, tun yana da idon da zai ga ƙofar nan ta cika, ka amsa da bakinka: me tsohon nan ya rubuta?

Ina gaida Umma da yara. Kai kuma, har yanzu rabin wayar nan mai fasasshen gilashi naka ne, tana cikin durowar shago.

Wanda ya sa ƙugiyar,
abokinka